Wasiƙa zuwa ga Autata a Tasawa, kan Hannunta da na Ɗanta

Mayahi, jihar Maraɗi.

Auta,

An gama yankan hatsi, ana kwasar wake, iska ta fara juyawa.

Saƙonki ya iso ta bakin yayarki. Kin ce muddin kina numfashi ba wanda zai sa wa yaron nan wuƙa a hannu don raba mannannun yatsunsa, abin da kika gani ya ishe ku ku biyu. Na zaɓi takarda a kan waya domin takarda tana da haƙuri: ki karanta, ki ajiye, in ranki ya sauka ki sake ɗauka. Na kuma bar ta a buɗe da gangan, ban ambaci sunan kowa ba. A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa a gidajen likita na ƙasar Mayahi da ta Tasawa, na ga mata masu yawa riƙe da irin tsoron da ke riƙe da ke, ba su sami wanda zai zauna ya warware musu zancen ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Da naki hannun zan fara, domin shi ya yanke wa yaron hukunci.

Ciwon da kike ji gaskiya ne. Ina so wannan ya zauna tun farko, saboda abin da ake faɗa a bayan idonki yana zuwa kunnena: wai raki ne, wai son jiki ne, wai auta ce an shagwaɓa ta. Masu tausayi kuma suna cewa jifa ne ko iska. Dukansu ba su kwana da hannun ba. Inda muka saɓa da ke shi ne fassarar da kike yi wa ciwon. Kin ɗauka duk sa'ad da ya yi miki zugi, wani abu ne ke yagewa a ciki, fatar da aka dasa miki lokacin raba yatsunki tana shirin ɓallewa. In kin san yadda ake aikin, da kanki za ki ga hakan ba ya yiwuwa.

Samo zare. Haɗa yatsanki na tsakiya da na zobe a hannun dama, ki zagaye su tare, ki yi alama. Sannan ki zagaye kowanne shi kaɗai, ki haɗa tsawon biyun. Za ki ga awo na biyu ya fi na farko. Wannan rarar ita ce tushen maganar dashen fata. Yatsu biyu da aka haifa a manne fata ɗaya ta lulluɓe su, kuma ba za ta isa ba in an raba su. Gefunan da ke kallon juna za su tsaya tsirara. Shi ya sa likita yake yanko ƴar fata daga wani wuri, galibi matsematsi ko lanƙwasar hannu, inda ɗinki zai ɓuya a cikin layin jiki, ya cike giɓin da ita. Ba ya kuma tsaga tsakanin yatsun a miƙe. A karkace yake yanka, ya yi dama ya yi hagu, domin miƙaƙƙen tabo in ya warke tsukewa yake yi, ya ja yatsa ya tanƙware. Kwarin da ke gindin yatsun kuwa, da fatar bayan hannu ake shimfiɗa shi, wadda ba a raba ta da jijiyoyin jininta ba. Likitoci sun sha wuya kafin su iso nan. Tun 1810 wani likita mai suna Zeller ya kawo dabarar fatar bayan hannu. Sai a 1869 Reverdin ya nuna a Paris cewa ana iya cire fata a dasa ta ta kama, a 1875 kuma Wolfe na Glasgow ya dasa fata mai cikakken kauri, irin wadda ke hannunki. Yankan karkace da aka fi bi a yau ana jingina shi ga Cronin, a 1956. Kafin a haɗa waɗannan dabaru wuri ɗaya, yara da yawa an raba musu yatsu sun koma sun manne.

Fatar da aka yanko ba ta zuwa da jininta. Kwana biyun farko, ruwan jiki take tsotsa daga naman da aka ɗora ta a kai. Daga nan ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ido ba ya gani, su fara haɗuwa da nata suna kutsawa cikinta, kafin mako ya zagayo jini ya fara gudana. A waɗannan kwanaki ko ɗan gocewa kaɗan yana tsinka su, fatar ta mutu. Dalilin ɗaure miki hannu ke nan, da dalilin da ya sa kowa ya yi ta ce miki kada ki motsa, a aikin farko kina ƙarama, da kuma bara waccan da aka gyara gindin yatsun bayan fatar ta hauro. Maganar daidai ce. Amma umarni ne mai wa'adi, mako biyu zuwa uku, in ya yi tsawo huɗu. Fatar da za ta mutu a cikin waɗannan makonni take mutuwa, ta yi wari, ta saɓule, kowa ya gani. Wadda ta tsallake ta zama jikinki, jininki ke yawo a cikinta, ba ta ɓallewa don kin matse tsumma ko kin ɗaga tulu. Duhun da kike gani a kanta har kike kiranta matacciya, halin fatar matsematsi ne in an kai ta hannu, balle a jikinmu na baƙar fata. Ƙaiƙayi da tsirawa da ɗan fizgar da kike ji kuma, jijiyoyin ji ne ke shiga sabuwar fatar a hankali, aikin da kan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara.

Wa'adin ya cika tuntuni, Auta, ke ce ba ki fita ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gudun ba wauta ba ne, jiki ne yake tsaron kansa. Ga yadda ya kasance gare ki. Ranar da aka kwance ɗauri kika gwada lanƙwasa yatsun, suka yi miki raɗaɗi, kamar yadda suke yi wa kowa a wannan rana. Kika tsorata kika bari. Gaɓar da ba a motsa ta cikin ƴan makonni take ƙagewa, naman da ba ya aiki ya saki ya rame, fatar da ba a taɓa ta kuma ta ƙara saurin ji, har gefen mayafi in ya goge ta ya zama abin kuka. Da kika sake gwadawa sai ciwon ya fi na farko, ya tabbatar miki da abin da kike tsoro. Kika ƙara naɗe hannun, kika manne shi a ƙirji, kafaɗa ta ɗage tana gadinsa dare da rana. Yau abin da ya faro daga tsakanin yatsu biyu ya kai gwiwar hannu da kafaɗa da wuya, hannun dama ma ya fara ƙorafi don shi kaɗai ke wanki da tuƙi da ɗaukar yaro. Ba ciwon ne ya bazu kamar ruɓa ba. Wurare ne masu lafiya suka gaji da zama a ɗaure.

Wannan hali sananne ne a wajen masana, kada ki ga kamar ke kaɗai ce. A 1983 Lethem da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana cewa masu ciwo suna rabuwa gida biyu, masu tunkarar motsi sannu a hankali da masu kauce masa, kuma na biyun su suka fi daɗewa a kwance. A 1990 Kori da Miller da Todd a Amurka suka ware tsoron motsi a matsayin matsala mai zaman kanta, aka kuma tsara tambayoyi 17 na auna shi, waɗanda ake kira ma'aunin Tampa. A 2000 Vlaeyen da Linton suka tattara binciken da aka yi, suka zana wannan zagaye da na kwatanta miki. Abin da aka yi ta gani, musamman a kan masu ciwon baya, shi ne in mutum biyu suna da ciwo mai ƙarfi ɗaya, wanda ya fi tsoron motsi shi ya fi rasa aikinsa. A Helsinki ta ƙasar Finlan, a 1995, an raba masu sabon ciwon baya: wasu aka kwantar da su, wasu aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya. Masu harkokinsu suka riga warkewa. Kuma kada ki ce wannan zancen Turawa ne da ba su san turmi ba. Masana gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ta Kano sun mayar da tambayoyin auna wannan tsoro zuwa Hausa, suka gwada su a kan masu ciwon baya na birni da ƙauye, aka buga aikin a 2019.

Ba ina ce miki ciwo abin banza ba ne. Je ki Danja, kusa da Maraɗi, inda aka daɗe ana kula da masu kuturta, ki ga abin da rashin jin ciwo yake yi wa hannu. An daɗe ana zaton cutar ce ke cinye yatsu, har likita Paul Brand, da ya yi aiki da kutare a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa galibin ɓarnar daga mutuwar ji take: mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ƙaya ta shige shi ya yi ta tafiya a kanta. Jin ciwo rahama ce. Amma ciwon da ya wuce wata uku, bayan rauni ya warke, sau da yawa ya daina ba da labarin abin da ke faruwa a nama. Jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa ne suka saba da kururuwa, abin da bai kai ya kawo ba sai su ɗaga murya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ba irin wannan daɗaɗɗen ciwo rukuni nasa, domin a daina ce wa masu shi ƙarya suke.

Akwai wani bincike da ya tsaya mini a rai fiye da sauran, don a kan masu irin hannunki aka yi shi. Kowane yatsa yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, a jere. A 1993 Mogilner da abokan aikinsa a New York suka auna ƙwaƙwalwar manya biyu da aka haifa da yatsu a manne, suka tarar gurabun yatsun a cunkushe. Bayan an raba yatsun suka sake aunawa, sai ga gurabun sun ja baya da juna cikin ƴan makonni. Manya ne fa, ba jarirai ba. Abin da na fahimta daga nan, kuma wannan fahimtata ce, wuƙar likita tana raba fata, amma taɓawa da aiki su ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa yatsun biyu ne. Ke kuwa kullum a matse kike riƙe da su, kamar ba a taɓa raba su ba.

To, me za a yi? Ba daka zan ce ki tashi ki yi gobe ba. Masu daɗaɗɗen ciwo suna da wani tarko: ranar da suka ji sauƙi sai su rama aikin wata guda, su kwanta kwana uku, su ce ai ga shi, motsi ne ke kashe su. Kaɗan-kaɗan ake yi, kullum, ranar daɗi da ranar wuya, a ƙara bisa tsari, ba bisa yadda aka tashi ba.

Ki fara da alwala, tunda sau biyar take zuwa ba sai an tuna miki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya cuɗawa da tsattsefe yatsun hannu suna cikin wankin hannu, ke kuwa na lura ruwa kawai kike zuba wa na hagu ki janye. Ki sa ruwa mai ɗumi, ki shigar da yatsun dama tsakanin na hagu har gindi, ki cuɗa a hankali. A sujada ki shimfiɗa tafin a ƙasa maimakon dunƙulewar da kike yi. Ko bai kwanta duka ba yau, zai kwanta. Da safe da dare ki murza tabon da man kaɗanya, ki danna har fatar ta motsa a kan naman da ke ƙarƙashinta, gwargwadon minti biyar. Don rage saurin jin nan, ki riƙa shafa wurin da auduga, in ya saba ki koma ga zane, sannan tawul. Ki zuba hatsi a ƙwarya ki nutsa hannun kina juyawa, bayan mako ɗaya ko biyu ki koma wake, daga baya busasshiyar aya mai kaushi. Masu gyaran hannu a manyan asibitoci abin da suke yi ke nan, da shinkafa ko wake a roba. Sannan ki zauna ki lissafa ayyukan da kike tsoro, daga mai sauƙi zuwa wanda ko tunaninsa yana tayar miki da hankali: tsince wake, ɓare gyaɗa, ƙulla ɗankwali, matse wanki, riƙe tukunya lokacin tuƙi, ɗaura goyo, ɗaga bokiti, riƙon taɓarya. Ki ɗauki na ƙasa. Kafin ki yi, ki faɗa wa kanki abin da kike zaton zai faru; bayan kin yi, ki duba hannun da idonki ki ga ko ya faru. Wannan dubawar ita ce maganin, domin tsoro ba ya jin lallashi, sai abin da ya gani. Zan aiko miki da kaba daga gulbi. Faifan da kike saƙawa kina budurwa har yanzu ina rufe ƙwarya da su, kuma ban san wani aikin da ke sa kowane yatsa ya yi nasa daban kamar saƙa ba.

Ciwon zai ɗan tashi in kin fara. Ƙa'idar da masu gashin ƙashi, waɗanda a asibitocinmu ake ce wa kine, suke bayarwa ita ce: in ya tashi daidai yadda za ki iya jurewa, ya kuma koma yadda yake kafin washegari, to ki ci gaba. In ya kwana biyu bai sauka ba, kin yi gaggawa, ki rage, amma kada ki daina. Akwai kuma alamun da ba na tsoro ba ne, na zuwa likita ne: hannu ya kumbura ya yi ja da zafi, ko ruwa ya fito, ko zazzaɓi, tabo ya buɗe ya ƙi rufewa, hannun ya canza launi, ya riƙa gumi ko sanyi daban da ɗan'uwansa, ko a sami wuri ɗaya tak da in an ƙwanƙwasa sai ki ji kamar wutar lantarki ta ja ki har ƙarshen yatsa, wanda kan nuna kan jijiya ne ya dunƙule a cikin tabo, kuma yana da nasa magani. Ina so likita ya duba waɗannan kafin ki fara, don ki shiga da zuciya ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonki da girman Allah: ki rabu da tramol ɗin masu tebur. Na san wadda ta kawo miki, na san da kyakkyawar niyya ta kawo. Ƙwayar nan ta cinye samarin ƙasar nan da yawa, daga masu kabu-kabu har masu noma. Jiki yana sabawa da ita ya nemi ƙari, mai yawa tana sa farfaɗiya, kuma tana bi ta nono ta kai ga yaro. In kin riga kin saba, kada ki yanke rana ɗaya, ki gaya wa likita ya rage miki a hankali. Ciwon jijiya yana da magungunansa daban, shi zai rubuta.

Yanzu angona, wato ɗanki.

Ba abin da kika ci, ba inda kika taka, ba bakin kowa. Kowane ɗan Adam a cikin ciki hannunsa a haɗe yake farawa, sai a wata na biyu, wajen mako na shida zuwa na takwas, naman da ke tsakanin yatsu ya narke su rabu. Wani lokaci narkewar ba ta kammala. Ana samun haka a kusan haihuwa ɗaya cikin 2,000 zuwa 3,000, ya fi yawa ga maza, ya fi yawa tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, kuma yana bin jini a wasu gidaje, kamar yadda ya biyo daga gare ki zuwa gare shi. Gado ne irin na tsawo da launin fata, ba laifi ba ne da za a ɗora wa uwa.

Masu ce miki a kai shi wajen wanzami ya tsaga, da cindo suke kwatantawa, wanda sau da yawa ɗan nama ne ke reto. Wannan daban ne. Tsakanin yatsun nan akwai jijiyoyin jini da na ji, wani lokaci ƙasusuwan ma a haɗe suke ta ƙarshe, sai hoto ya nuna. Aska ba ta da fatar da za ta cike giɓi. Abin da zai biyo baya jini ne, da ruɓa, da tabon da zai manne su fiye da da, in ma yatsan bai mutu ba. Ko likitoci, in yatsu uku ne a manne, ba sa buɗe gefe biyu na yatsa ɗaya a rana ɗaya, don kada jini ya yanke masa. Wanzamanmu suna da aikinsu da muke girmamawa, wannan ba ya ciki.

Masu cewa kuma haka Allah ya halicce shi, taɓawa canza halitta ne, ki amsa musu da ladabi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 2007 a ƙasar Maleshiya, ta halatta tiyatar gyara lahanin da aka haifi mutum da shi, ta kuma ambaci tsagewar leɓe da ƙarin yatsa da mannewar yatsu in suna cutarwa. Mai gidanki ya tambayi malamin da ya yarda da shi, hankalinsa ya kwanta.

Lokaci yana da muhimmanci. In yatsun da suka manne tsawonsu ya bambanta sosai, kamar babban yatsa da manuni, ko na zobe da ƙarami, ana gaggautawa tun yaro yana ƴan watanni, domin gajeren yana jan dogon ya karkace. Irin na angona, tsakiya da zobe, yana ba da sarari: yawancin likitoci suna yi tsakanin shekara ɗaya da biyu, hannu ya ɗan yi girma, yaro kuma bai kai ga riƙe alƙalami da allo ba, bai kai ga jin tsokanar yara ba. Ga abin da nake so ki riƙe: yaro mai wannan shekaru ba ya ɗaukar tsoro ya ajiye kamar babba. Ana kwance masa ɗauri, kwana kaɗan zai kai hannu ya damƙi abin da ya gani, wasa ya yi masa aikin da ke sai kin zauna kin tsara. Wahalar da kika sha ta aikin da aka yi wa babba ce, mai tunani da fargaba da kwana ido biyu. In kika jinkirta masa har ya girma, wannan hanyar kike tura shi.

Na san abin da ba ki faɗa wa yayarki ba, wato allurar barci. Ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, domin na yi aikin asibiti. Amma ga yaro mai lafiya, a wurin da suka saba da yara, haɗarin kaɗan ne, kuma akwai abin da ke hannunmu na rage shi. A auna jininsa, a duba sikila, a tabbatar ba zazzaɓin cizon sauro ko tari a jikinsa, a kiyaye sa'o'in da za su ce kada ya sha nono kafin aiki, ba ƙari ba ragi. Ya kuma shiga da ƙibarsa, domin fata ba ta kamawa da kyau a jikin da tamowa ta taɓa. Shi ya sa nake ganin rani ya fi, bayan zazzaɓin damina ya lafa, abinci kuma yana rumbu.

Hanya a bayyane take. Ku fara da asibitin gundumar Tasawa, a duba shi duka jiki, don wani lokaci mannewar yatsu tana zuwa tare da wani abu a ƙirji ko kai, sannan a ba ku takardar turawa Maraɗi. Daga can za a faɗa muku inda mai aikin hannun yara yake. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010 domin irin waɗannan ayyuka, karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe da ƙunar da ta tsuke gaɓa. Asibitin Galmi yana kan hanya, yana aiki tun 1950. Mutanenmu kuma sun daɗe suna zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. Yamai ta haura kilomita 700 daga Tasawa, kuma ko da yake tun 2006 doka ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, mota da abinci da wurin kwana ba sa cikin dokar. Kada kunya ta hana ki tambayar likita: ya saba yin wannan aiki? Ƙashi a haɗe yake ko fata ce kawai? Daga ina za a ɗebo fatar, ko ana iya rufewa ba dashe, kamar yadda ake yi wa wasu da mannewarsu ba ta kai ƙarshen yatsa ba? Yaushe za a dawo a duba? Domin sai an riƙa dubawa har ya gama girma, saboda haurowar fata irin taki. Bayan aiki za a sa masa ɗauri mai tauri har sama da gwiwar hannu don kada ya zare. Makonnin nan a tsare su sosai, kada ya jiƙe, kada ƙasa ta shiga. Ranar da likita ya ce an gama, an gama, a sake shi.

Tunda hunturu na tafe kuma ya fara rarrafe, bari in ƙara wannan, don mannannun yatsun da na fi gani a ƙauyukan Kanan Bakashe da Urafan ba na haihuwa ba ne, na wuta ne. Yaro ya dafa garwashi ko toka mai zafi, ko ya tsoma hannu a kunu, a naɗe hannun dunƙule cikin tsumma ɗaya, bayan wata guda a kwance a tarar yatsu sun zama abu ɗaya. Ƙuna ruwan sanyi mai tsabta take so nan take, wajen minti 20, ba toka ba, ba tawada ba, ba ɗanyen ƙwai ba, sannan a tafi likita a naɗe kowane yatsa shi kaɗai, a miƙe. Kaskon wuta a ɗaga shi daga inda yaro ke kaiwa.

Yaro a fuskar uwarsa yake karanta ko abu abin tsoro ne. In an kwance masa ɗauri kina runtse ido duk sa'ad da ya kai hannu, kina cewa a bar shi kada ya fama, kina ɓoye naki a mayafi, zai koya. Shi ya sa nake so ki riga shi farawa. Watannin da ke tsakanin yau da ranar aikinsa naki ne, ki mayar da hannunki bakin aiki, domin hannu biyu za ki buƙata wajen riƙe shi a mota da asibiti.

Babanku zai je ya gana da mahaifin mai gidanki, a yi maganar ta hanyar da ta dace, kada ta fito daga bakinki ke kaɗai. Na sayar da tumaki biyu na ajiye kuɗin mota da guzuri. Da zarar an gama zuba hatsi a rumbu zan taho Tasawa, mu je asibiti tare, a duba naki hannun da nasa rana ɗaya. Kafin nan ki nemo katin awonsa da na rigakafi, da takardun aikinki na bara waccan in suna nan. Kaba da man kaɗanya za su riga ni isowa a hannun direban da ya saba kawo muku saƙo.

Ki gaishe mini da surukarki da kyau, da mai gidanki, da mutanen gida duka. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana yaron.

Innarki.